Yadda za ka sa manhajarka ta nuna saƙo a saman allo ba tare da ta takura wa mai aiki ba

Abin da ya jefa ni cikin wannan harkar, wata rana ina mitin ta intanet na yi ta zuba bayani ashe makirufo a kashe yake, sai da wani ya rubuto mini "ba ma jin ka fa". Abin ya dame ni sosai, daga ranar na ce sai na haɗa wani ɗan jan ɗigo da zai zauna a kusurwar allo duk lokacin da makirufo yake a kashe, ko wace manhaja nake ciki ina ganinsa.

Ka fara gane cewa irin wannan saƙon, kamar wanda yake fitowa in ka ƙara sauti ko hasken allo, taga ce kawai irin sauran tagogi, sai dai an cire mata firam, an ce ta zauna a saman kowa, an kuma sa ana hango abin da ke bayanta. In Python kake yi, Tkinter, wato kayan haɗa tagogi na Python, ya isa gwajin farko. Ka ba overrideredirect ƙimar True firam ya tafi, ka kunna -topmost a cikin attributes ta zauna a sama, ka sa -alpha a 0.8 don a riƙa hango abin da ke bayanta, sannan ka yi amfani da after ka ba shi 2000, wato daƙiƙa biyu kenan tunda da milisakan yake lissafi, taga ta ɓace da kanta. Akwai -transparentcolor da ke ɓatar da kala ɗaya gaba ɗaya amma a Windows kaɗai yake aiki.

To amma ga inda nake so a tsaya a kula. Yawancin masu koyo daga nan suke cewa sun gama, alhali tagar tasu tana da munanan halaye guda biyu. Na farko tana ƙwace kibod. Mutum yana tsaka da rubutu, saƙonka ya faɗo, haruffa uku huɗu da ya danna suka tafi a banza saboda yanzu tagarka ce ke karɓar rubutu, kuma wallahi wanda aka yi wa haka sau biyu goge manhajar zai yi. Na biyu tana tare mawus, maɓallin da mutum yake son dannawa yana ƙarƙashin saƙon, yana gani da idonsa amma ya kasa taɓawa.

Saboda waɗannan biyun na koma Qt, wani kayan haɗa tagogi na daban. A can ka haɗa FramelessWindowHint da WindowStaysOnTopHint da Tool, shi wannan na ƙarshen yana hana tagar bayyana a layin manhajoji na ƙasan allo, sai ka ƙara WindowTransparentForInput don danna mawus ya ratsa ta ya sauka kan abin da ke baya. Sannan WA_ShowWithoutActivating don kada ta taɓa kibod, da WA_TranslucentBackground in kana son gefuna masu lanƙwasa. Wanda ke rubutu kai tsaye da Win32 kuma, wato umarnin Windows na asali, WS_EX_LAYERED tare da WS_EX_TRANSPARENT su ne ke sa danni ya wuce, WS_EX_NOACTIVATE ya hana ƙwace kibod, WS_EX_TOPMOST ya ɗora ta a sama, yawan yadda ake hango bayan tagar kuma SetLayeredWindowAttributes ne ke saita shi daga 0 zuwa 255.

Taga ɗaya tak za ka ƙirƙira ka riƙa ɓoye ta kana fito da ita. Ka ɗauka mutum ya danna ƙara sauti sau goma a jere, in kowane danni sabuwar taga yake haifarwa za ka ga allo yana ƙyaftawa, tagogi goma a kan juna kowace da nata agogon. Ka canza rubutun da ke ciki kawai ka sake tayar da QTimer, agogon da ke ɓoye tagar, daga farko. Kuma in labarin yana zuwa daga wani zaren aiki na daban, wato wani sashen manhajar da ke gudana a gefe (thread), kada ka taɓa tagar daga can, ka aika sigina zuwa babban zare shi ya yi zanen, in ba haka ba manhajar za ta riƙa mutuwa jefi-jefi ka rasa dalili.

Wajen zaɓen wuri kada ka rubuta lambar fiksel da hannu, don wani ya sa girman allonsa a 150%, wani kuma allo biyu gare shi. Ka tambayi availableGeometry na Qt ya ba ka filin allon da ya rage bayan an cire layin manhajoji sai ka lissafa daga gefe. Kala kaɗai ma ba ta isa ba, akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore, don haka ni na sa hoton makirufo da layi a tsakiyarsa a cikin ɗigon.

Wurare biyu za su ba ka wahala. A Linux akwai tsarin nuna tagogi iri biyu, X11 da Wayland. In X11 ne komai lafiya, har ƙaramar manhajar osd_cat ma za ta yi maka aikin da layi ɗaya, amma Wayland ba ya barin manhaja ta zaɓa wa tagarta wuri, sai ta hanyar wani ƙarin tsari mai suna layer-shell, wanda a cikin nau'o'in desktop na Linux KDE Plasma da Sway suke karɓa, GNOME kuwa ba ya karɓa. Sai gem da ya kame allo gaba ɗaya, saƙonka zai iya ƙin fitowa sam. Ka ce wa mai wasan ya koma yanayin taga marar firam, kada ka ce za ka kutsa cikin DirectX na gem ɗin, wato abin da yake zana hotunansa da shi, manhajojin hana maguɗi suna iya rufe wa mutum akawun a kan haka.

In kuma saƙon irin wanda mutum zai so ya dawo ya karanta ne, kamar an gama sauke fayil, bar shi ya bi ta sanarwar tsarin kwamfutar, notify-send a Linux ko sanarwar Windows, don ita tana mutunta yanayin kar a dame ni kuma tana ajiye tarihi. Taga ta saman allo ka bar ta wa abin da ake buƙatar gani yanzu-yanzu, irin su sauti, Caps Lock, ko makirufo a kashe.