Darasi na Bakwai: Kalmar "Girma"

Kalmarmu ta yau gaɓa biyu ce, haruffa biyar: gir-ma. Ku faɗe ta a hankali, sannan ku rubuta ta sau uku a littafinku. A kula da "r" ɗin tsakiya, don a nan sababbin masu rubutu suka fi tuntuɓe, su rubuta "gima".

Idan ƙaramin abu ya zama babba, sai mu ce ya girma. Uwa ta ɗauko rigar bara ta sa wa ɗanta, hannun riga ya tsaya a gwiwar hannu, maɓalli ya ƙi haɗuwa. Sai ta riƙe baki ta ce, "Kai, yaron nan ya girma!" Riga tana nan yadda take, jiki ne ya ƙaru. Haka itace ke girma, haka gari ke girma, a hankali, ba a ganin lokacin da abin ke faruwa.

Amma ba kowace ƙaruwa ce girma ba. Wanda zuma ta harba a yatsa, yatsan nan kumbura ya yi, kuma gobe ko jibi zai saɓe. Girma kuwa ba ya komawa baya. Hanya faɗaɗa ta ake yi, ruwan kogi ƙaruwa yake yi, sana'a kuma bunƙasa take yi.

Yanzu ku saurari waɗannan jimloli biyu da kunnen basira: "Ya girma." "Yana da girma." Rubutu ɗaya ne, amma murya ta bambanta. A ta farko murya tana farawa ƙasa ta hau sama, a ta biyu kuwa tana sama tun daga farko, kuma an ja ƙarshen. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna wannan, sai jimla ta faɗa maka.

Idan wasalin ƙarshe ya canza, magana ta koma kan shekaru: "Ya girme ni", "Ta girmi mijinta". Daga nan sai daraja: a ba mutum girma, a girmama shi, a ce mai girma. Sai dai wanda ya ba kansa, sunan nasa girman kai, wanda Hausawa ke kira rawanin tsiya.

Aiki: ku cike gurbi da girma, kumbura ko girme.

Ƙafarsa ta ______ saboda targaɗe.
Yayata ta ______ ni da shekara 3.
Ɗan akuyar nan ya ______ da wuri.