Yadda Mai Son Littafi Zai Raba Lokacinsa Tsakanin Karatu, Sauraro da Kallo

Mai son littafi a yau yana samun labari ta hanyoyi uku, kuma sau da yawa dukansu suna cikin waya ɗaya: yana iya karantawa da idonsa, yana iya sauraron wani ya karanta masa, yana kuma iya kallon shiri mai dogon zango a talabijin ko a YouTube. Sai dai hanyoyin nan uku ba ƙarfinsu ɗaya ba wajen jan hankali. Kallo ba ya neman komai a wurin mutum face ya zauna, sauraro yana neman kunne da 'yar natsuwa, shi kuwa karatu yana buƙatar ido da hankali da wuri mai haske gaba ɗaya. Saboda haka idan aka bar su suka yi gogayya a kan sa'a ɗaya ta dare, kallo ne zai ci kullum, har mutum ya wayi gari ya tarar littafin da ya saya tun kafin sallah yana nan a shafi na 40. Maganin wannan shi ne a ba kowace hanya lokacinta da irin labarin da ya dace da ita, ta yadda ba za su haɗu a fage ɗaya ba.

Kafin ka tsara komai, ka ɗauki mako guda kana lura da yininka, ba don ka ƙirga sa'o'in da kake da su ba, a'a, don ka gane halin da hannunka da hankalinka suke ciki a kowane lokaci. Akwai lokacin da hannu da hankali duk suke a sake, kamar bayan sallar asuba kafin gari ya fara hayaniya, ko tsakanin la'asar da magariba a ranar hutu. Akwai lokacin da hannu ke aiki amma hankali ba ya komai, kamar wanki da guga, tsintar wake, zaman jiran layi a banki ko asibiti, da doguwar tafiya a motar haya. Akwai kuma lokacin da jiki da hankali duk suka gaji, wanda ga yawancin mutane yakan zo bayan isha'i. Na farko na karatu ne, na biyu na sauraro, na uku na kallo. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye karatu zuwa dare, sai mutum ya buɗe littafi da gajiyar yini a kansa, ya yi shafi biyu barci ya kwashe shi, daga nan ya yanke hukuncin cewa son karatu ne ya fita ransa.

A lokacin karatu, ka ɗora littattafan da ke buƙatar a tsaya, a koma baya, a ja layi: tarihi mai yawan sunaye da shekaru, littattafan ilimi, rubutattun waƙoƙi, da ƙagaggen labarin da daɗinsa ke cikin yadda aka ƙera jimla. Ka yanke wa kanka adadin shafuka kaɗan wanda ko a ranar da ta fi kowace cunkushewa za ka iya cikawa. Shafi 15 a rana ba ya da yawa, amma yana gama littafi mai shafi 300 cikin kwana 20, kuma wanda ya riƙe wannan shekara guda zai wuce littafi 15. Idan littafin na takarda ne, ka bar waya a wani ɗaki. Idan kuwa a waya yake, kamar yawancin sababbin labaran Hausa da ake rarrabawa a WhatsApp da manhajojin karatu, ka kashe data kafin ka fara, domin saƙo ɗaya ya isa ya janye ka daga babin da kake ciki ba tare da ka san lokacin da ka bar shi ba.

Sauraro shi ne ya fi buƙatar bayani, domin a nan ne aka fi samun riba, a nan ne kuma aka fi yaudarar kai. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a karanta wa mutum littafi: gidajen rediyo sun daɗe suna karanta labaran Hausa kashi-kashi, kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta ta saba da karanta labaran da suka yi fice a rediyo. Abin da ya sauya shi ne yanzu kai ke zaɓen littafin da lokacin. Littattafan Hausa da aka karanta cikin murya sun fi yawa a YouTube. Mai jin Turanci yana da Audible, wanda na kuɗi ne, da LibriVox, inda masu sa kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a saurara kyauta.

Ka zaɓi mai karantawa kafin ka zaɓi littafin. Wannan ya fi muhimmanci a Hausa, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti kuma ba ya nuna tsayin wasali, wanda hakan ke nufin mai karatu ba zai furta kalma daidai ba sai ya fahimci jimlar tukuna. Wanda ke karantawa ba tare da ya fara bin shafin da ido ba, za ka ji yana tuntuɓe, yana furta wata kalma a madadin wata, sannan ya dawo ya gyara ko ma ya wuce abinsa. Muryar na'ura kuwa, wadda wasu tashoshi suka fara amfani da ita don sauƙi, takan daidaita komai a sauti ɗaya, har zagi da lallashi su fito iri guda. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: ka tsallake gabatarwa, ka nemi wurin da mutum biyu ko uku ke magana, ka saurara na minti biyar. Idan ka iya bambance mai magana ba tare da an ce "in ji wane" ba, kuma ba a cika kiɗa a bayan muryar ba, to mai karatun ya san aikinsa. A ganina, gwanin mai karatu yana iya ɗaga matsakaicin labari, amma babu littafin da kyansa ya kai ya tsira daga bakin wanda bai iya ba.

Haka kuma ba kowane littafi ne ya dace da kunne ba. Labarin da ke tafiya a miƙe, mai 'yan taurari kaɗan da yawan zance, shi ne ya fi shiga. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, misali ne mai kyau, domin tun asali an gina shi a kan aku da ke ba da labari da baki, kuma kowane labari gajere ne da za a iya gamawa a zama ɗaya. Littafin da ke da jerin sarakuna da shekarun mulkinsu kuwa, ko wanda ke tsalle tsakanin zamani biyu, gara ka bar wa ido, domin kunne ba ya iya waiwaye. Kada kuma ka haɗa sauraro da aikin da shi ma yake neman hankali, kamar lissafin ciniki, rubuta saƙo ko koya wa yaro aikin makaranta. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma abin da zai faru shi ne sa'a za ta wuce, manhaja ta nuna ka gama babi uku, kai kuwa ba ka san wanda ya mutu ba. Idan ka lura hankalinka ya tafi, ka mayar baya da daƙiƙa 30 nan take maimakon ka ci gaba da fatan za ka gane a gaba.

Akwai 'yan dabarun aiki da ke rage wahala. Masu karanta littattafan Turanci sukan yi kalma wajen 150 a minti, wato kimanin kalma 9,000 a sa'a, saboda haka littafi mai kalma 90,000 zai ci sa'a goma. Wanda ke da tafiyar minti 30 zuwa aiki da minti 30 dawowa zai gama shi cikin mako biyu na aiki. Ƙara saurin murya zuwa 1.25 ba ya ɓata komai idan kunne ya saba da mai karatun, amma daga nan zuwa sama daɗin zance yakan fara zubewa, kuma ban ga amfanin gama labari da wuri ba idan ba a ji daɗinsa ba. Ta fuskar data, sauti mai ƙarfin kilobit 64 a daƙiƙa yana cin megabait 29 ne kawai a sa'a, alhali bidiyo yana ninka wannan sau da yawa. Don haka idan littafin a YouTube yake, inda hoto ɗaya ne tsaye a fuskar waya, ka saukar da ingancin bidiyon zuwa mafi ƙanƙanta, domin murya kake nema. Ka sauke abin da za ka saurara tun kana wurin da sabis ke da ƙarfi. A kan titi ka sa iyafis a kunne ɗaya kawai, idan kuma kai ke tuƙa babur, ka bar sauraron gaba ɗaya. Da dare ka saita agogon da ke kashe sautin bayan minti 15 ko 20, don kada ka farka ka tarar labarin ya yi nisa ba da kai ba.

Wani abu da ya kamata mai son littafi ya kula da shi shi ne izinin marubuci. Ba kowace tasha ce ke neman yardar mai littafi kafin ta karanta shi ba, kuma wadda ta nema takan faɗi haka a farkon karatun ko a rubuce a ƙarƙashin bidiyon. Idan ka ji daɗin labari, ka nemi hanyar da marubucin ko marubuciyar ke sayar da shi ka saya, ko da ka riga ka gama saurara.

Shi kallo ba ya buƙatar a koya wa kowa, iyaka kawai yake buƙata. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan masu shirya finafinan Kano suka karkata ga sakin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, mai jin Hausa bai ƙara rasa abin kallo ba, ga kuma fassararrun shirye-shiryen Indiya da Turkiyya da wasunsu ke kai kashi ɗaruruwa. Ka riƙe shiri ɗaya ko biyu a lokaci guda, ka yanke adadin kashin da za ka kalla tun kafin ka kunna, ka kuma kashe tsarin da ke buɗe na gaba da kansa. Shirin da ke fitowa sau ɗaya a mako ya fi sauƙin zama da karatu, domin shi da kansa yake tsayar da kai; wanda aka riga aka gama saki gaba ɗaya shi ne ke cinye dare. Inda hali ya yi, ka mayar da kallo abin yi tare da iyali a falo, domin wanda ke kallo cikin mutane yakan tashi idan sun tashi.

Idan labari yana da littafi kuma yana da fim, ka fara da littafin. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa ya fito a 1934, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976, kuma wanda ya karanta kafin ya kalla shi ne ke iya ganin abin da aka rage, da abin da kyamara ta ƙara na sutura da gine-gine da tafiyar ayari. Wanda ya fara da kallo kuwa, fuskar ɗan wasan za ta zauna masa a zuciya, ba zai sake iya siffanta mutumin da kansa ba. Inda nake sassautawa shi ne littafin tarihi mai nauyi game da ƙasar da ba ka sani ba, domin a nan shirin gaskiya na sa'a ɗaya yana iya ba ka taswira da fuskoki da za su sauƙaƙa maka shafuka ɗari na farko. Ka kuma guji bin labarai masu kama da juna ta hanyoyin uku a lokaci guda. Idan kana sauraron labarin kishiyoyi, kana kallon wani na kishiyoyi, ba da jimawa ba sunaye za su cakuɗe maka; ka bar ido a kan tarihi, kunne a kan ƙagaggen labari, kallo kuma ya zama na ban dariya ko wani abu daban.

Duk wannan yana buƙatar ƙaramin littafin rubutu guda ɗaya da biro. A kowane abu da ka fara, ka rubuta sunansa, da mai shi, da ranar farawa, da hanyar da ka bi, wato ido ko kunne ko kallo, kuma idan sauraro ne ka haɗa da sunan mai karantawa domin ka san wanda za ka sake nema. Idan ka gama, ka ƙara jimla uku: abin da labarin ya ƙunsa, wurin da ya fi taɓa ka, da wanda za ka ba shawarar ya karanta. Ga littafin takarda ka rubuta lambar shafi, ga na sauraro ka rubuta kashi da minti. Na fi son takarda a kan manhaja saboda manhajoji suna mutuwa. OkadaBooks, wadda marubutan Nijeriya da yawa suka sayar da littattafansu a kanta, ta rufe a ƙarshen 2023. Abin da ka kasa gamawa ma ka rubuta shi tare da dalili. Idan littafi ya kai shafi 50 ko sa'a ɗaya da rabi na sauraro bai kama ka ba, ka ajiye shi ba tare da jin nauyi ba, amma kafin ka yanke ƙauna ka gwada sauya masa hanya, domin wani littafin da ya gagari ido yakan buɗe a kunne.

A ƙarshen kowane wata ka duba shafin. Idan ka ga kashi 20 na kallo da littafi rabi, ka rage shiri ɗaya a watan da ke tafe. Akwai kuma lokutan da tsarin zai rushe dole, kamar watan azumi da tafsiri da tilawa ke ɗauke kunne da ido, ko lokacin jarrabawa, ko jego, ko kaka ga manomi. A irin waɗannan, kallo ne za ka fara ajiyewa, sauraro ya biyo baya idan ya zama dole, karatu kuwa ka mayar da shi shafi biyar na gajerun labarai a rana har al'amura su daidaita, sannan ka koma kan dogon littafin daga farkon babin da ka tsaya.