Yadda ake haɗa maganin gargajiyar Sin da na asibiti ba tare da an yi ɓarna ba

Ko kai ɗalibi ne ko likita, in za ka haɗa su ka fara da gano cutar ta hanyar asibiti tukuna, gwajin jini, hoto, duk abin da ya kama. Likitan gargajiyar Sin zai riƙe wuyan hannu ya ji bugun jijiya, ya ce fito da harshenka ya duba launinsa, ya tambayi barci da gumi da bayan gida, to wannan yana taimaka masa wajen zaɓen haɗin itatuwa amma fa ba zai nuna ƙari a hanta ba. Shi ya sa asibitocin Sin masu haɗa biyun suke rubuta sunan cuta iri biyu a katin mara lafiya, na zamani da na gargajiya.

A wajen karatu ma haka ne. Tun 1956 Sin ta buɗe kwalejojin wannan fanni a Beijin, Shanghai, Guangzhou da Chengdu, kuma ɗalibin digiri na shekara 5 yana karanta tsoffin littattafai tare da ilimin sassan jiki da na harhaɗa magunguna. Ni dai a ganina abin da ya kamata malami ya fi nacewa a kai shi ne ɗalibi ya iya gwada abin da littafi ya faɗa, ba hadda kawai ba. Kalli Tu Youyou, wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, ta yi karatun magunguna na zamani sannan ta koyi na gargajiya, ita da abokan aikinta suna neman maganin zazzaɓin cizon sauro suna ta tafasa ganyen wani tsiro mai suna qinghao abu ya ƙi, sai ta ga wani masanin magani mai suna Ge Hong tun ƙarni na 4 ya rubuta a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, ba a ce a dafa ba, nan ta gane ashe zafi ne ke kashe sinadarin. Ta tace shi a sanyi, atemisinin, sinadarin da ke maganin zazzaɓin, ya fito, ta samu lambar yabo ta Nobel a 2015.

Sai inda aka fi samun matsala, wato shan biyun lokaci guda. Mai shan wafarin don tsinka jini in ya ƙara da saiwar danshen ko ta danggui zai iya zubar da jini. Gancao, wata saiwa mai zaƙi, yana ɗaga hawan jini ya rage sinadarin fotasiyam a jiki, tsiron mahuang kuma yana sa zuciya gudu har Amurka ta hana sa shi a magungunan ƙarin kuzari a 2004. Kuma mutane ba sa faɗa, kana tambaya "kana shan wani magani?" sai a ce a'a, don su a wajensu shayin itatuwa ba magani ba ne. Ka ce ya zo da ledar ko kwalin ka gani da idonka, ka rubuta kowane sinadari a kati.

Dan Allah kar ka yarda da suna kawai. A Beljiyam farkon shekarun 1990 an musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna cikin maganin rage ƙiba, mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace. Don haka duk wanda zai daɗe yana shan haɗi, a gwada ƙoda da hanta kafin ya fara, a sake bayan 'yan makonni. Masu tsira siraran allurai a jiki irin na gargajiyar Sin kuma, su yi amfani da sabuwa fil daga leda, a yar bayan amfani ɗaya, kuma a bi a hankali wajen ƙirji don allurar na iya huda huhu.