Kurakuran da ake yi wajen yanke wa kekunan dutse na Trek hukunci

Duk inda masu keke suka zauna aka taɓo zancen Trek sai ka ji baki ya rabu, wannan ya ce shi bai taɓa ganin keke mai kyan firam irinsa ba, wancan ya ce ai suna ne kawai, ya hau Marlin sau ɗaya bai tsira da komai ba sai ciwon baya da na hannu. In ka bi diddigin maganar kuwa za ka tarar yawanci hukuncin daga hoton waya aka yanke shi, ko daga hawan minti biyu a kan kwalta a gaban shagon mai gwanjo. Abin yana damuna gaskiya, don keken nan ba kuɗi kaɗan ake zubawa ba, kuma sau da yawa laifin da ake ɗora wa keken ba nasa ba ne, na saiti ne ko na zaɓi.

Babban kuskuren da sauran ke fitowa daga cikinsa shi ne a ɗauki Trek kamar keke ɗaya ne. Kamfanin tun 1976 yake, a garin Waterloo na jihar Wisconsin a Amurka, kuma kekunan dutsen da yake yi kowanne da aikin da aka yi shi dominsa. Marlin na masu farawa ne, firam na alminiyam, shoka a gaba kawai mai shiga kamar milimita 100, nauyinsa wajen kilo 14, keke ne na hanyar ƙauye da burji da ɗan hawa tudu da zuwa aiki. X-Caliber da Procaliber na gudu ne, suna sa ka duƙa gaba. Roscoe shi ma ba shi da shokar baya amma halinsa daban, samfurin 2022 ya zo da shokar gaba ta milimita 140 da taya mai faɗin inci 2.6, an yi shi ne don gangara da tsallake duwatsu. Fuel EX shoka gaba da baya, Slash ya fi shi zurfin shoka, Session kuwa na gangarowa daga dutse ne zalla, in ka ce za ka hau tudu da shi za ka sha wuya. Supercaliber shi ne wanda Jolanda Neff ta Suwizalan ta ci zinare da shi a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. To wanda ya hau Roscoe a kwalta ya ce keken yana da nauyin ja bai yi ƙarya ba, amma ba a wurin aikinsa ya gwada shi ba, ka kai shi irin duwatsun Shere na Jos ko gindin Kufena a Zariya sannan ka dawo mu yi magana. Gyaran nan mai sauƙi ne, kafin ka tambayi wane Trek ne ya fi kyau ka fara faɗa wa kanka gaskiyar hanyar da kake bi kullum.

Sai zancen ido, wanda shi ne ya fi cin mutane. Mu dai da mun ga shoka a baya da taya mai kauri shikenan keke ya haɗu. Trek ɗin da kansa yana da tarihin da ya isa darasi a nan, a 1995 ya fito da wasu kekuna masu firam ɗin kabon mai siffar harafin Y, irin su Y-22 da Y-33, kyau kam ba a magana, an saye su sosai har yau akwai masu ajiye su don sha'awa. Amma yadda aka haɗa bayansu, wurin feda yana manne ne da ɓangaren da ke motsi tare da tayar baya, saboda haka da zarar ka miƙe tsaye a kan feda, wato daidai lokacin da ka shiga gargada kana buƙatar shoka, sai ta kusa daina aiki. Kamfanin ya bar wannan tsarin tuntuni. A ɗaya ɓangaren kuma Slash ɗin da aka fitar a ƙarshen 2023 mutane da yawa sun ce bai yi musu kyau ba saboda ƙarin ɗan gargaren sarƙa da aka ɗora a sama, alhali wannan abin da ke ɓata wa ido rai shi ne ke barin tayar baya ta ja da baya ta haɗiye dutse ba tare da feda ta fizge maka ƙafa ba. Ni ra'ayina, in kuɗinka na tsohon keke mai shoka biyu ne wanda boris ɗinsa sun gaji, ko kuma Marlin ko X-Caliber mai lafiya, ɗauki mai lafiyar, don shokar baya da ta mutu kaya ce kawai kake ja, kuma samun mai gyaranta a wurarenmu ba wasa ba ne.

Girman firam kuma kusan ba a ma tambayarsa. Mutum zai ga kalar da yake so ya biya, alhali keken na dogo ne shi kuma matsakaici. Tsofaffin Trek irin su 3700 da 4300 da ake yawan samu a gwanjo da inci ake rubuta girmansu a jikin bututun sirdi, na yanzu kuma S, M, ML, L, XL. Keken da ya fi ƙarfinka zai sa ka miƙe hannu har kafaɗa ta riƙe, ƙarami kuma gwiwa ce za ta biya. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya kamata a samu sarari tsakaninka da ƙarfen sama. Sirdi kuma, yawancinmu mun saba da Rali da Fonis inda ake son ƙafa ta taɓa ƙasa kana zaune, sai a sauke shi can ƙasa a ce wai keken ba ya gudu. Ka zauna ka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak, nan ne tsayin sirdinka.

Yanzu iskar taya, nan ne nake so a tsaya sosai don shi kaɗai yana iya sauya ra'ayin mutum kan keke gaba ɗaya. Ka kai wa mai faci, ya jona tiyo, ya danna tayar da babban yatsa, ya ƙara, ya ɗan ƙwanƙwasa ta da sifana ya ji ta yi ƙara sannan ya ce maka ta yi. Shi a saninsa ya kyauta maka, haka ake yi wa keken ɗaukar kaya. Amma tayar keken dutse mai faɗin inci 2.2 zuwa 2.4 ba ta son haka, in da tub a ciki kusan 25 zuwa 30 a ma'aunin psi ya ishi mai matsakaicin nauyi a hanyar ƙasa, mai faɗin 2.6 irin ta Roscoe ma ƙasa da haka take so. In ka cika ta tam kowane ɗan tsakuwa sai ya taso maka har haƙori, a kwana tayar gaba ta riƙa zamewa, a rairayi kuma ta nutse maimakon ta bi ta sama, sai ka sauko ka ce Trek ba shi da daɗin hawa. In kuma ta yi laushi da yawa rim zai daki dutse ya tsaga tub gida biyu. Ka sayi famfo mai agogo, ka rage iskar kaɗan kaɗan kana bin hanya ɗaya har ka ji inda keken ya kwanta. Ka kuma duba bawul ɗinka, wasu Trek ɗin siririn bawul gare su wanda tiyon mai faci ba ya kamawa, kada ka bari a huda maka rim a faɗaɗa ramin, akwai ɗan ƙaramin abin da ake ɗaurawa a kai ya zama irin na mota.

Shoka ma haka. Masu araha irin SR Suntour da ke kan ƙananan Marlin sifirin ne a ciki, abin da za ka iya yi kaɗan ne, amma ka duba ko ɗan makullin da ke saman ƙafar dama a kulle yake, akwai masu hawa wata da watanni da shoka a kulle suna cewa ta yi tauri. Masu iska kuwa irin na RockShox da Fox dole a saita su da nauyin mai hawa, da famfonsu na musamman ba na taya ba. In ka zauna a kai ta gaba ta shiga kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na tsawonta, ta baya kuma 25 zuwa 30. Keken gwanjo da saitin wani Bature ya zo, wataƙila ya ninka ka nauyi.

Ƙirga giya wani abu ne kuma. Sai ka ji an ce nawa 21 ne naka 10 kacal. Giya 21 faranti uku ne a gaba bakwai a baya, da yawansu maimaici ne, kuma galibi Shimano Tourney ne wanda shi ne na ƙasa a kayan giyar kamfanin Shimano. Mai faranti ɗaya a gaba da 10 ko 12 a baya sarƙarsa ba ta yawan zamewa, kuma akasari Deore ne ko sama. Sunan da ke jikin abin sauya giyar ake dubawa, daga Tourney sai Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT har XTR. Lambar da ke bayan sunan keken ma tana magana, Marlin 7 ya fi Marlin 5 kayan aiki duk da firam ɗin kusan ɗaya ne, in kuma ka ga 9.7 ko 9.8 to firam ɗin kabon ne.

A wajen saye kuma ana kuskure ta fuska biyu. Wani ya ga sitika TREK ɓaro-ɓaro ya yarda, alhali sitika ba ta da tsada. Wani kuma ya ga an rubuta Taiwan ko Chaina a ƙasan firam ya ce jabu ne ya tafi ya bar keke mai kyau, bai san yawancin firam ɗin Trek a Asiya ake yin su ba. Ka kifa keken ka duba ƙarƙashin wurin feda, akwai lambar firam, na shekarun nan yawanci da WTU take farawa. Rubutun asali a ƙarƙashin fenti mai sheƙi yake, farce ba ya ɗaga shi. Sannan ka goge wuraren walda da tsumma, musamman wuyan keke da gindin bututun sirdi, ka haska da fitilar waya, in ka ga siririn layi kamar gashi to tsagewa ce, ka bar shi ko nawa aka rage maka. Alminiyam in ya tsage ba irin ƙarfen Trek 820 ba ne da mai walda na bakin titi zai ɗinke maka, zafin wuta yana kashe ƙarfinsa. Sabon fenti a kan tsohon keke ma abin tambaya ne, don Allah kada ƙyalli ya rufe maka ido.

Bayan an saya sai a shiga kashe shi da hannu. Baƙin mai a sarƙa lokacin hunturu, ƙura ta manne ta zama kamar turɓaya mai cin ƙarfe, cikin ɗan lokaci haƙoran giya sun cinye. Ka goge sarƙa, ka ɗiga man sarƙa mara kauri, ka sake gogewa har ta kusa bushewa. Kada ka kai shi wurin wankin mota a sa masa ruwa mai ƙarfi a boris da bakin shoka, bokiti da soso sun isa. Birki mai amfani da mai kuwa a yi hattara wallahi, na Shimano da Tektro man ma'adini, wato mineral oil, suke sha, in aka zuba musu man birkin mota robobin ciki za su kumbura birkin ya tashi aiki, yawancin tsofaffin na SRAM ne ke shan DOT, wato irin man birkin mota, kuma an rubuta a jikin murfin. Ko ɗigon mai ya taɓa faifan birki zai riƙa kuka ya daina kamawa.

Girman taya shi ma a yi lissafi. Mai inci 29 yana hawa kan gargada cikin sauƙi ya riƙe gudu, 27.5 ya fi saurin juyawa, tsohon 26 kuma duk da an daina yayinsa a Turai tayarsa da tub ɗinsa sun fi sauƙin samu a kasuwanninmu, wanda ke nesa da babban gari kada ya raina wannan. In hanyarka akwai tsidau, kuma wace hanyar gona ce babu shi, to ka sa ruwan like huda a cikin tub ko ka mayar da tayar mara tub in rim ɗin ya yarda, ka kuma riƙa yawo da tub guda a jaka. Ranar gwaji ka roƙi mai keken ya bar ka ka sauka daga kwalta, ka daidaita sirdi, ka rage iska, ka hau ɗan tudu kana sauya giya ɗaya bayan ɗaya, ka gangaro ka kama birki biyun, sannan ka riƙe birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya ka ji ko wuyansa yana ƙwas-ƙwas.