Faifan da ya ƙi barci: yadda na kama masu tashinsa

Kwamfutata ta tebur Linux ce. Manhajoji suna kan SSD, sai wani faifai mai juyawa (hard disk), 4TB, inda nake tara hotunan bukukuwan da nake ɗauka. Da batirin inbata nake aiki da dare, shi ya sa nake so faifan ya kwanta in ba a buƙatarsa. Na ba shi umarnin `hdparm -S 180 /dev/sdb` (/dev/sdb sunan faifan ne a Linux), wato ya kwanta bayan minti 15 ba aiki, domin kowace lamba daƙiƙa 5 ce. Wani lokaci ya ƙi kwanciya, wani lokaci ya kwanta, can sai in ji gurnaninsa ya tashi.

Fara da sanin halin da yake ciki. `hdparm -C /dev/sdb` zai gaya maka ko barci yake, ba tare da ya tashe shi ba. Kada ka duba da `smartctl -a`, umarnin duba lafiyar faifai, domin yana tashinsa. Kwana biyu na yi ina tashinsa da hannuna ina zargin wasu.

Sai ka kwantar da shi da `hdparm -y`, ka bar `fatrace -t` a buɗe, ka tafi shan shayi. Duk manhajar da ta taɓa fayil, fatrace zai nuna sunanta da lokaci. A tsarin tebur na GNOME yawanci mai tashinsa Tracker ne, mai jera fayiloli don bincike, wanda yanzu ake kira LocalSearch. A KDE kuwa Baloo. Cire faifan daga jerin wuraren da suke bincika. Mai zuwa sau ɗaya a rana updatedb ne, mai sabunta jerin sunayen fayiloli; don ya tsallake shi, sa hanyar faifan cikin PRUNEPATHS a /etc/updatedb.conf.

Inda abin ya wahalar da ni shi ne da fatrace ya yi shiru amma matsalar tana nan. Masu tambayar lafiyar faifai ba sa bi ta fayil, sai dai agogo ya tona su. In duk rabin awa yake tashi, smartd ne. Duba ko akwai `-n standby` a smartd.conf, shi ke hana shi tashin mai barci. Shi kuma udisksd duk minti 10 yake leƙowa. Ba ya tashin mai barci, amma a wasu faifan wannan leƙen yana mayar da ƙidayar lokacin kwanciya farko, ba za a taɓa kai minti 15 ba. Nawa irinsu ne. Na rage zuwa `-S 60`, minti 5, ya riƙa kwanciya kafin udisksd ya leƙo.

Ban sauka ƙasa da haka ba, domin yawan tashi da kwanciya yana cin injinsa. Kuma saitin hdparm yakan ɓace in an kashe kwamfuta, don haka a Debian ko Ubuntu rubuta shi cikin /etc/hdparm.conf.