Yadda za ka yi wa wanda aka zalunta saboda launin fatarsa marsiyya

Ƙanena, wanda muke kira Auta, ya bar Tawa zuwa bida a 2018, kamar yadda samarin Adar suka saba. Ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, ya tsaya a Sabha yana leburan gini. Ƙarshen 2019 wani ɗan garinmu ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp: Auta ya je karɓar kuɗin aikinsa na wata uku, mai aikin ya kira shi bawa, aka yi masa dukan da bai tashi ba. Can aka yi masa sutura. Ni malamin lakwal ne, na daɗe ina rubuta waƙa, amma sai da na yi kusan wata shida ban sa ɗango, wato layin waƙa, ko ɗaya a takarda ba. Abin da na koya bayan nan shi nake son in miƙa wa duk wanda irin wannan rashi ya sama, kuma yake jin waƙa na motsi a ƙirjinsa.

Kada ka tilasta wa kanka rubutu a kwanakin zaman makoki. Aikinka a lokacin saurare ne. Masu zuwa gaisuwa kowa da abin da yake riƙe da shi na mamacin: wani ya ce ya taɓa kai masa buhun hatsi gida ya ƙi karɓar ko dala, wata ta ce shi ke ɗebo mata ruwa tun da mijinta ya rasu. Da dare ka rubuta waɗannan yadda aka faɗe su, ba gyara. Ka haɗa da kayan da ya bari. Ni abin da na samu butar shayinsa ce, rataye a ƙusa cikin zaure.

Abin da ya buɗe mini baki ya zo daga nesa. Kwanaki kaɗan bayan ƙaramar sallar 2020 muna zaune a fada, wani ya miƙo waya muka ga yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a birnin Miniyapolis na Amurka, ranar 25 ga watan Mayu, fiye da minti tara. A daren na cika shafi biyu da "zalunci", "wariyar launin fata", "ƴanci", "baƙar fata ku farka". Da safe na karanta, sai na ga duk gaskiya ne amma babu mutum a ciki. Abin da ya hana ni barci kuwa ban ma rubuta shi ba: ƙaton mutum mai shekara 46 yana ƙasa yana kiran mahaifiyarsa. Nan na gane inda ake kama irin wannan waƙa. Wanda ya yi zaluncin ya mai da mutum launi kawai, ya shafe masa suna da uwa da gari. To in kai ma ka cika baitocinka da manyan kalmomi, ka sake shafe shi ke nan. Ka dawo masa da sunan da ake kiransa a gida, da sana'arsa, da mai jiransa. Manyan kalmomin ka bar wa masu jawabi.

Sai zaɓen tsari. Wanda bai saba ba ya ɗauki ƙwar biyu, wato kowane baiti ɗango biyu, ɗangon ƙarshe na kowane baiti ya ƙare da gaɓa iri ɗaya tun daga fari har ƙarshe. Wannan shi ne babban amsa-amo. Ƙwar biyar tana da daɗin rerawa, sai dai tana neman ƙaramin amsa-amo a ɗango huɗun farko na kowane baiti, kuma mai baƙin ciki in ya shiga farautar kalmomi masu dacewa da juna yakan faɗi abin da ba shi ne a ransa ba. Ka yi hattara da amsa-amon da ka zaɓa tun farko, domin shi zai ja ka. Su "-wa" da "-ya" da "-na" suna da yalwa. Ni "-yi" na ɗauka, ga shi da ƙarancin kalmomi, amma butar ce ta zaɓa mini:

Auta ka bar mana butar shayi,
Ga ta a rataye duk tai sanyi.

Can aka ce maka bawa, ƙarya,
Inna tana ta jiranka a layi.

Batun kari kuwa, wato ma'aunin waƙa, kunne ne alƙali. Hausa na da gaɓa mai nauyi da marar nauyi: "bar", "can" da "sha" ta shayi masu nauyi ne, "ka" da "ma" na maka marasa nauyi. Ka samu ɗango ɗaya da ya zauna maka, ka yi ta rera shi kana buga yatsa a gwiwa har muryar ta kama ka, sa'an nan ka ɗora sauran a kanta. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, nan karin ya karye. Shi ya sa na ce "tai sanyi" maimakon "ta yi sanyi". Mawaƙa sun daɗe suna irin wannan taƙaitawa. Masu yin slam, wato waƙar da ake faɗa da baki gaban jama'a ba tare da rerawa ba, a Yamai ba su ɗaure kansu da kari haka ba, kuma ban ga laifinsu ba, amma ko su sai sun faɗi abin da baki kafin su yarda da shi.

Za a samu mai ce maka wannan rashin tawakkali ne. Ka amsa masa da ladabi. Marsiyya tsohuwar hanya ce a wurinmu. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Manzon Allah (SAW) kansa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da bai yardar da Ubangijinmu ba. Iyakarka ke nan. Karɓar ƙaddara bai hana ka ce wanda ya yi duka azzalumi ne ba.

Inda na fi ganin waƙoƙin samarinmu na ɓacewa shi ne wurin fushi. Fushin na da dalili. A watan Nuwamba na 2017 tashar CNN ta nuna ana gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, mutum a kan dalar Amurka 400. Daga Aljeriya ana sauke mutane a bakin iyaka su tako kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su iso Asamaka, garin Nijar da ke bakin iyakar. Ka sa waɗannan cikin waƙa in ka tabbatar da su, ka kira wuraren da sunansu, domin "Sabha" ko "Asamaka" a ɗango ta fi "ƙasar azzalumai" sau goma nauyi a kunnen mutumin Adar. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka ƙara don ka sa mutane kuka. Amma kada marsiyya ta rikiɗe ta zama zambo ga wata al'umma baki ɗaya. Na rubuta baiti uku ina tsine wa Larabawa duka, na zo na soke su, domin a ajina akwai yara Larabawa ƴan Tasara, kuma mahaifin ɗayansu har gida ya zo mana gaisuwa. Ka nuna hannun da ya yi dukan da bakin da ya yi zagin, ka tsaya nan.

Akwai kuma baitin da ya fi kowane wuyar rubutawa, wanda ke waiwayo gida. Kalmar da aka jefi Auta da ita ba baƙuwa ba ce a bakinmu. Sai a 2003 dokar Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tana zaune a Yamai, ta ce ƙasar Nijar ta kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a nan jiharmu ta Tawa, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Har gobe ana fasa aure in an binciki asali an ce gidan bayi ne. Ni dai ban ga yadda zan yi kukan an kira ƙanena bawa a Sabha in yi shiru kan wannan ba. Baiti ɗaya ya isa, ba wa'azi mai tsawo ba.

In ka gama, ka ajiye ta mako guda, sa'an nan ka yanke duk baitin da zai iya shiga marsiyyar kowa. Waƙata ta fara da baiti 31, ta tsaya a 14. Ka rufe da addu'a ga mamacin kamar yadda aka saba.

Kafin ka ɗauki muryarka ka watsa a WhatsApp ko Facebook, iyalinsa su fara ji, kuma su yarda. Kada ka haɗa da hoton gawa ko na rauni. Ni Inna na fara rera wa, bayan sallar isha'i, a tsakar gida. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Sai ta ce in cire baitin da na siffanta dukan, ba ta son jikokinta su hardace shi, in sa a madadinsa yadda yake kiranta duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na cire, na sa.