Yadda za ka zaga Marseille a kwana biyu

Yawancin mutanenmu in sun samu bizar Faransa sai su maƙale a Paris suna ta ɗaukar hoto da hasumiyar Eiffel, alhali daga tashar Gare de Lyon jirgin ƙasa na TGV awa uku da 'yan mintuna ne ya sauke ka Marseille, bakin tekun Bahar Rum. Tikiti dai ka yanka tun da wuri ta intanet, in ka bari sai ranar tafiya kuɗin sai ya ba ka tsoro.

Da ka sauka tashar Saint-Charles, ajiye kaya a masauki ka gangara Vieux-Port, tsohuwar tashar jiragen ruwa. Da sassafe masunta ke baza kifi a bakin ruwa, wani ma yana motsi a kan tebur. Daga nan ka hau bas mai lamba 60 zuwa cocin Notre-Dame de la Garde da ke kan tsauni, ba sai kai Kirista ba, kowa na hawa don daga can garin gaba ɗaya yana ƙarƙashinka har da tsibirai. Kar ka ce za ka hau da ƙafa da rana tsaka, ni na gwada, sai da na zauna a dakalin wani gida ina haki kamar wanda kare ya biyo.

Abincin rana kuwa unguwar Noailles za ka nufa, nan ba ka da fargabar halal, mahauta 'yan Aljeriya da Maroko ne cike, ga dabino ga kuskus ga ƙamshin kayan yaji ko'ina, kai ka ce wata kasuwar gida ce.

Rana ta biyu ta ruwa ce. Jirgi na tashi daga Vieux-Port zuwa Château d'If, tsohon kurkukun da ke tsakiyar teku, kamar minti 20 ne, amma ka fara tambaya tukuna don in iskar nan da suke kira mistral ta taso jirgin ba ya tsayawa a tsibirin. In haka ta faru ka juya zuwa Calanques, lungunan teku ne tsakanin fararen duwatsu, ruwan garai-garai har kana hango ƙasa. Na Sugiton a lokacin zafi sai ka yi rajista ta intanet kafin a bar ka shiga, kyauta ne. Ka sa kambas ba silifas ba, ka riƙe ruwa gora biyu, babu shago a hanya.